Tumatir: Baƙon Da Ya Zama Ɗan Gida

Hausawa sukan ce baƙo raɓa ne, wato da safe a gan shi, kafin hantsi ya tafi. Amma akwai wani baƙo da ya sauka a madafar Hausawa, bai kuwa tashi ba, har ta kai ga yau uwargida takan ce ba ta da cefane idan babu shi. Wannan baƙo shi ne tumatir. Yaron da aka haifa a Maradi ko Tawa ko Kano a wannan zamani yakan zaci tun kaka da kakanni da jar miya ake cin shinkafa. Ba haka ba ne. Tumatir yana da ƙasarsa, yana da hanyar da ya biyo, yana kuma da lokatansa a cikin shekara: lokacin da yakan yi araha har a zubar, da lokacin da yakan fi ƙarfin talaka. Wanda ya san wannan tarihi zai gane abin da ya sa miyar gidansu take sake kama daga hunturu zuwa damina.

Asalinsa

Asalin tumatir a Amurka ta Kudu yake, a ƙasashen da suke gindin duwatsun Andis, wajen Peru da Ekwado. A can tsiron jeji ne, 'ya'yansa ƙanana, ba su fi 'ya'yan magarya girma ba. Mutanen Meksiko su ne suka mai da shi amfanin gona sosai. Kabilar Aztek suna nomansa, suna sayar da shi a kasuwanninsu, suna haɗa shi da barkono su yi miya. A harshensu sunansa tomatl.

A shekarar 1521 mayaƙan Sifen, a ƙarƙashin Hernan Cortes, suka ci babban birnin Aztek da yaƙi. Bayan haka jiragen ruwa suka kai irin tumatir Turai. A 1544 wani masanin tsire-tsire mutumin Italiya, mai suna Mattioli, ya rubuta labarinsa, ya ce ana soya shi da mai da gishiri da yaji a ci. Duk da haka Turawa da yawa sun daɗe suna tsoronsa, suna shuka shi domin ado kawai. Tsoron nan yana da dalili, gama tumatir dangin gauta ne da barkono da dankalin Turawa da taba, kuma a cikin wannan dangi akwai masu dafi, irin su zaƙami wanda kowane Bahaushe ya san aikinsa. Sai a 1692 aka buga littafin girki a birnin Napoli mai ɗauke da bayanin yadda ake miyar tumatir. Wato Italiya ma, wadda yau ta yi suna a kan tumatir, ta yi kusan shekara 150 tana kallonsa kafin ta amince da shi sosai.

Sunansa ya bi shi duk inda ya je. Mutumin Ingila ya ce tomato, na Faransa ya ce tomat, Balarabe ya ce tamatim. Bahaushe ya ce tumatir ko tumatur, a wasu wurare na Nijar kuwa tomati. Dukansu daga tomatl ɗin nan na Aztek suka fito.

Miya kafin zuwan baƙo

Tumatir ba shi kaɗai ya zo daga Amurka ba. Masara, rogo, gyaɗa, dankali, gwanda da barkono duk daga can suke, sun kuwa zauna daram har an manta baƙi ne. Tumatir ya yi jinkiri kafin ya kama tukunya, domin bai tarar da wurin zama a buɗe ba. Abincin ƙasa tuwo ne na gero ko na dawa, tuwo kuwa miya mai yauƙi yake so: kuka, kuɓewa, karkashi, lalo. Ɗanɗano yana fitowa daga daddawar kalwa, ko daddawar batso wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa. Tsami yana fitowa daga yakuwa da tsamiya. Idan ana son miya mai kauri ta ranar biki, sai a yi taushe da kabewa da gyaɗa.

Akwai abu guda a cikin wannan tsohon girki da ya kamata mai karatu ya riƙe. Damina wata uku ce ko huɗu, sauran shekara rani ne. Saboda haka kusan kowane kayan miya da mata suka sani, sun san yadda ake busar da shi. Ana shanya ganyen kuka a daka shi gari. Ana yanka kuɓewa a shanya. Haka yakuwa, haka karkashi, haka barkono. Uwargida tana da rumbunta na miya, kamar yadda maigida yake da nasa na hatsi. Sa'ad da tumatir ya iso, wannan ilimi ne ya tarye shi.

Yadda ya yaɗu

A ƙarni na 20 ne tumatir ya zama abin kowa da kowa, abubuwa uku kuwa suka taimake shi.

Na fari shi ne zaman birni. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, aka yi hanyoyin mota, garuruwa suka cika da ma'aikata da sojoji da 'yan kasuwa daga kudu da bakin teku. Suka zo da irin nasu girki, wato miyar da ake soyawa da mai, a ci da shinkafa ko doya. Makarantun kwana da barikoki da masu sayar da abinci a tasha suka koya wa mutane wannan ɗanɗano. Shinkafa wadda a wurare da yawa abincin biki ce ta zama ta kullum, ta kuwa jawo jar miya a bayanta.

Na biyu shi ne gwangwani. Kantuna suka riƙa kawo markaɗaɗɗen tumatir daga Turai, galibi daga Italiya. A kudancin Najeriya har gwangwanin wani kamfani mai suna De Rica ya zama ma'aunin shinkafa da wake, ana ce masa derika. A kasuwannin Nijar mai tebur yakan buɗe babban gwangwani ya riƙa sayarwa cokali cokali, domin mai dala biyar ma ta samu ta rina miyarta. Amma abin da aka sayo daga waje da kuɗin waje ake biyansa. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan da ake kawowa daga waje suka yi tsada ƙwarai, gidaje da yawa suka koma ga abin da ƙasa take bayarwa. Daga wajen shekarar 2000 kuma ƙasar Sin ta zama babbar mai kawo wannan haja Afirka ta Yamma. Ana kawo shi cikin duro, a zuba a ƙananan gwangwanaye da ledoji.

Na uku, wanda ya fi duka, shi ne noman rani. Tun dā akwai 'yan lambu a fadamu, suna ɗiban ruwa da jigo ko da ƙwarya, suna noman albasa da barkono da alkama. Fari ne ya faɗaɗa wannan sana'a. A Najeriya an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwanta ya bi magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, yankin ya zama gidan tumatir. An gama ta Bakolori a ƙasar Talatar Mafara a 1978. A Nijar, bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kountché ta tashi tsaye wajen kiran jama'a su kama noman rani maimakon su tafi cin rani. Aka haƙa rijiyoyi, aka raba iri, aka kewaye bakin tafkuna. Kwarin Maggiya, wanda ya yi suna da albasar Galmi, da bakin tafkin Tabalak, da Gulbin Maradi, da koramun ƙasar Damagaram, duk suka ƙara yawan lambuna. Daga shekarun 1980 kuma ƙaramin injin ban ruwa mai shan fetur ya maye gurbin jigo, mutum ɗaya ya iya shayar da filin da a dā sai mutum da yawa. Aka kawo irin da ya fi jure tafiya, mai tsoka da kaurin fata, irin su Roma da wanda 'yan kasuwa suke kira UTC. Da haka kwandunan tumatir suka fara tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga Kano zuwa Legas.

Hunturu: lokacin yalwa

Tumatir ɗan sanyi ne. Mai lambu yakan zuba iri a rumfar reno wajen watan Oktoba, bayan mako uku ko huɗu ya dasa, bayan kamar wata biyu da rabi ya fara tsinka. Sanyin dare da busasshiyar iskar hunturu su ne suke sa fure ya kama, su kuma rage cututtukan ganye. Saboda haka daga ƙarshen Disamba tumatir yakan fara shigowa, daga Janairu zuwa Maris kuwa kasuwa takan cika maƙil. Wanda ya je Kwanar Gafan a kan hanyar Kano zuwa Zariya a wannan lokaci zai ga kwanduna jere, manyan motoci suna lodi dare da rana.

A wannan lokaci ne uwargida take sakin hannu. Idan miya kaɗan ce, sai ta yi jajjage a turmi, tumatir da attarugu da tattasai da albasa. Idan mai yawa ce, sai a aika yaro wurin mai injin markaɗe. Gwanaye sukan fara tafasa markaɗen shi kaɗai har ruwan ya tsotse, sa'an nan su soya albasa a mai, su zuba, su yi ta juyawa har mai ya taso bisa, ƙanshin ɗanye ya tafi. Wasu sukan jefa 'yar kanwa domin ta kashe tsami. Wannan ita ce miyar dage-dage. Da shi ake dafa-duka da taliya da fate. Ana kuma cinsa ɗanye: a yanka a kan wake da shinkafa, a kan ɗanwake, a cikin kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, a gefen tsire tare da albasa, ko a haɗa da latas.

Bikin Kirsimeti kullum a bakin wannan yalwa yake faɗuwa, shi ya sa shinkafa da jar miyar da ake rabawa maƙwabta a ranar ba ta cika gagarar gida ba. Ista takan zo a Maris ko Afrilu, sa'ad da yalwar take gab da ƙarewa. Sallah kuwa tana matsowa baya da kamar kwana 11 kowace shekara, saboda haka wata shekara takan tarar da araha, wata shekara ta faɗa tsakiyar tsada.

Amma murnar mai tukunya baƙin cikin mai lambu ce. Kowa ya dasa lokaci guda, kowa yana tsinka lokaci guda. Fiye da kashi 90 cikin 100 na tumatir ruwa ne, ba ya jira. Idan ya nuna, ko a sayar da shi cikin 'yan kwanaki ko ya ruɓe. Kwando kuma yana matse na ƙasa, motar tana girgiza shi, rana tana dukansa. Masu bincike a Najeriya sun sha ƙiyasta cewa wajen kashi 40 cikin 100 na abin da aka noma yakan lalace kafin ya kai tukunya. Akwai ranar da kuɗin kwando da na mota sukan fi kuɗin abin da yake ciki, sai manomi ya bar shi a gona.

Bazara: lokacin shanya

Daga ƙarshen Maris zafi yakan tsananta. Idan zafin rana ya wuce misali, dare kuma bai yi sanyi ba, furen tumatir yakan kaɗe ba tare da ya yi 'ya'ya ba. Rijiyoyi sukan ja baya, tafkuna su ƙafe. Nan ne tsohon ilimin mata yake amfani. Abin da suka saba yi wa kuɓewa shi suka yi wa baƙo: a raba shi biyu, a jera shi cikinsa yana duban sama, rana ta busar da shi cikin 'yan kwanaki. Wannan shi ne kauɗa. Kwando guda yakan koma 'yan mudu kaɗan, marar nauyi, mai iya yin watanni a ajiye. Manoman ƙasar Tawa da na Kano da Jigawa sukan cika buhuna da ita, 'yan kasuwa su saya su ajiye har damina.

Kauɗa iri biyu ce. Wadda aka shanya a ƙasa ko a bakin hanya takan kwashi yashi da ƙura, awaki su bi ta kai, sau da yawa kuma wanda ya fara lalacewa ne aka yanka. Wadda aka zaɓi lafiyayyen tumatir, aka wanke, aka shanya a kan tabarma ko bisa rumfa, takan fito ja, mai ƙanshi. Gidan da ya sayi kwando biyu a lokacin araha ya shanya da kansa ya san abin da zai ci. Wasu mata kuma sukan dafa markaɗe har ya yi kauri, su ɗura a kwalabe masu tsabta, su rufe sosai, su sake dafa kwalaben cikin ruwa.

Akwai wata dabara da ta fito daga ƙasar Hausa a shekarun 1990. Wani malami a jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, wanda ya tashi a gidan masu ginin tukwane, ya yaɗa tukunya cikin tukunya. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan yake bushewa yakan janye zafin da yake ciki, kamar yadda randa take sanyaya ruwa. Tumatirin da zai lalace cikin kwana uku yakan yi makonni. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki. Dabarar ta fi ci a busasshiyar iska, da damina kuwa ƙarfinta yakan ragu.

Damina: lokacin tsada

Mai karatu zai yi tsammani ruwan sama zai kawo yalwa. Ga tumatir akasin haka ne. Laima tana kawo cututtukan ganye da ruɓar saiwa, 'ya'yan sukan tsage, manoma kuma hankalinsu ya koma gonar gero da dawa. Daga Mayu zuwa Agusta ɗanyen tumatir yakan yi wuya. Wanda ake samu daga wurare masu sanyi yake zuwa, kamar tsaunukan Jos, ko daga ƙasashen kudu. Wanda a Fabrairu ake saye da kwano, yanzu sai a kasa shi uku uku a kan tire.

A nan ake gane uwargidan da ta yi tanadi. Takan ɗebo kauɗa, ta wanke ta sau biyu ko uku domin yashi ya kwanta, ta jiƙa ta a ruwan ɗumi har ta yi laushi, sa'an nan ta daka ko ta kai markaɗe tare da albasa da busasshen tattasai. Miyar kauɗa takan yi duhu, saboda haka wasu sukan ƙara cokali guda na gwangwani domin launi. Buhun kauɗa kuwa sai a rataye shi inda laima ba za ta same shi ba, gama idan ta yi fumfuna ba ta ciwuwa.

Damina kuma ita ce lokacin da tsofaffin miya suke dawowa da ƙarfinsu. Ɗanyar kuɓewa ta fito, ga lalo, ga yakuwa, ga rama, ga tafasa, ga alayyafo, ga zogale ya yi sabon ganye. Yawancinsu a bayan gida ko a gefen gona ake tsinkarsu kyauta, ba kuwa wadda take bukatar tumatir mai yawa. Gidan da yara suka saba da tuwo da miyar ganye ba ya jin tsadar damina kamar gidan da ba a san komai ba sai shinkafa da jar miya.

Kaka: lokacin jira

Da kaka kabewa takan nuna, sabuwar gyaɗa ta shigo, taushe ya yi daɗi. Kabewar da aka dafa aka dama tana ba miya kauri da launi, har tumatir biyu ko uku su isa tukunya guda. Ana samun ɗan tumatirin damina daga bayan gida, ƙanana masu tsami. Sauran kauɗar bara tana ƙarewa. A fadama kuwa mai lambu ya riga ya zuba sabon iri, shekara ta zagayo.

Shekarar 2016

Akwai shekarar da ta nuna wa kowa iyakar dogara ga baƙo. Wata ƙaramar tsutsa mai suna Tuta absoluta, wadda ita ma daga Amurka ta Kudu ta fito, ta shiga Sifen a 2006, ta haye Arewacin Afirka, ta ratsa har ƙasashen Sahel. Tana shiga cikin tsokar ganye ta ci daga ciki, inda feshi ba ya kai mata sosai, tana kuma huda 'ya'yan. Manoman Kano suka sa mata suna sharon. A 2016 ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. A watan Mayu na shekarar gwamnatin jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Farashin kwando ya ninka sau da yawa, har a Legas mata suka koma yin miya da tattasai da karas. Babbar masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a watan Maris na wannan shekara, wadda aka gina domin ta markaɗa tan 1,200 a rana, ta tsaya bayan ɗan lokaci don rashin abin markaɗawa. Tsutsar ta sake yin ɓarna a 2023 da 2024.

Ba wannan ce masana'anta ta farko da ta sha wuya ba. Ta Pwalugu a arewacin Gana, wadda aka gina a shekarun 1960, ta sha tsayawa da tashi. Ta Vegfru a Dadin Kowa ta yi zamaninta ta tsaya. Dalilan suna da yawa, amma ɗaya yana tare da dukansu: inji yana so ya yi aiki wata goma sha biyu, gona kuwa wata uku ko huɗu take bayarwa. Matsalar da ta gagari manyan injuna ita ce wadda uwargida take warwarewa kowace shekara da wuƙa da tabarma da rana.

Kammalawa

Tumatir ya yi tafiyar shekara 500 daga kasuwannin Aztek zuwa kasuwannin Maradi da Kano. Ya ƙara wa abinci daɗi, ya ba jiki amfani, ya ba dubban manoma sana'ar rani wadda ta tsare su a gida. Amma bai bar halinsa ba: da hunturu yake zuwa, da bazara yake tafiya. Kakanni mata ba su yi gardama da shi ba. Sun ci shi ɗanye sa'ad da ya yi yawa, sun shanya shi kafin ya tafi, sun koma ga kuka da kuɓewa da yakuwa sa'ad da ya yi tsada. Yarinyar da ta tashi ta iya soya jar miya kaɗai, ba ta iya shanya kauɗa ko kaɗa miyar kuka ba, za ta yi wata huɗu na kowace shekara tana bin farashin kasuwa da ido. Ya kamata iyaye mata su koya wa 'ya'yansu duka biyu, gama da tsohuwar zuma ake magani.